Baiwar Allah Ba Jan Baki Ba Ce

Tun da gero ya fara fitar da kai wani saƙo yake yawo a wayoyin 'yan'uwanmu manoma, ba isnadi, ba sunan marubuci, yana da'awar wai baiwar Allah da asisi, waɗannan 'yan tsuntsayen da ke tsintar tsaki a gindin turmi, 'ya'yan jan baki ne da ba su gama girma ba, saboda haka a zuba maganin ƙwari a kaskon ruwa a ajiye musu a tsakar gida. Wanda ya ƙaga wannan magana ya yi ganganci babba, domin kaskon nan kaji za su sha, yaro mai rarrafe kuma ba ya bambance ruwa da dafi.

Manomin da ya gaskata ba abin zargi ba ne, gama wanda ya ga garken jan baki ya taso daga ciyawar kachala ta fadamar Haɗeja da Nguru ya sauka a kan shinkafarsa, ya wuni yana kaɗa gwangwani har muryarsa ta dushe, yana da uzuri in ya tsani duk mai fiffike. Ɓarnar jan baki haƙiƙa ce tabbatacciya.

Amma nasabar da aka ƙulla ɓatacciya ce. Malaman ilmin halittu sun sanya jan baki a zuriyar gado, masu saƙa sheƙa, kuma dubbai suke taruwa su yi ƙwai masu shuɗi-shuɗi a kan itatuwan ƙaya. Ita kuwa baiwar Allah, tare da asisi, tana cikin wata zuriya dabam da ake kira Estrildidae, mai nau'i wajen 140 a Afirka da Asiya da Ostareliya, kuma mace da namiji kaɗai ke gina 'yar sheƙarsu ta ciyawa a jikin jinka ko danga, su saka fararen ƙwai. Abincinta 'ya'yan ciyawa ne da abin da ya zube a ƙasa, komai daɗewarta kuwa ba za ta rikiɗe ta zama jan baki ba. Har wani nau'inta akwai a duwatsun Jos wanda sai a 1998 aka bayyana shi ga masana.

Haka ma zancen da wasu ke yi wai daga Turai aka kawo baiwar Allah da asisi, ba shi da asali. 'Yan ƙasa ne. 

Wanda ya gano inda jan baki ke kwana, ya sanar da malaman gona, domin a makwancinsu ake yaƙarsu.