Yadda Za Ka Zauna Lafiya da Magungunan Farfaɗiya Biyu

Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ba a ɗaukarta ta miyau, ko ta taɓa mai ita, ko ta cin abinci da shi a kwano ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 50 ne ke fama da ita a duniya, kuma kusan 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa idan suka sami maganin da ya dace.

Likita yakan fara da magani ɗaya. Idan faɗuwa ba ta tsaya ba, yakan canja shi, ko ya ƙara na biyu a kansa. Idan kai ne aka haɗa wa biyu, ko ɗanka, ko matarka, to wannan bayani naka ne. Abin da muke so ka riƙe shi ne: illar magani abar faɗa wa likita ce domin ya gyara. Kada ta sa ka ajiye maganin da kanka.

Magungunan da aka fi sani

A jihar Damagaram, kamar sauran sassan Nijar, an fi sanin magungunan da sunan da ke jikin kwali.

Gardénal shi ne fenobarbital. Tun 1912 ake amfani da shi, kuma ya fi sauran araha. Yana kawo barci da kasala. Ga yara kuwa, yakan sa rashin natsuwa da yawan rigima.

Tégrétol shi ne karbamazefin. Yana kawo jiri, da tangaɗi, da ganin abu ɗaya ya zama biyu.

Dépakine shi ne balfurowat. Yana kawo tashin zuciya, da ƙiba, da karkarwar hannu, da zubar gashi.

Akwai kuma fenitoyin, wanda ke kumbura dasashi idan an daɗe ana shan sa.

Me ya sa biyu suka fi ɗaya nauyi?

Hanta ce ke sarrafa waɗannan magunguna kafin jiki ya fitar da su. Idan biyu suka haɗu, ɗaya yakan shafi aikin ɗaya.

Ga misali. Dépakine yana rage saurin fitar Gardénal daga jiki. Sai Gardénal ya taru a jini fiye da da, ko da ba a ƙara maka ƙwaya ko ɗaya ba. Shi ya sa wanda ya yi shekaru yana shan Gardénal lafiya zai iya fara gyangyaɗi da rana tsaka bayan an ƙara masa Dépakine.

Gardénal da Tégrétol kuwa suna hanzarta aikin hanta. Ta haka suna rage ƙarfin wasu magungunan da ka sha tare da su. Ban da wannan, idan kowannensu yana sa barci, barcin zai ninka.

Saboda haka likita ke farawa da kaɗan, yana ƙarawa sannu a hankali. Sannu ba ta hana zuwa.

Illolin da za ka iya zama da su

Barci, da jiri, da tashin zuciya sun fi tsanani a makonnin farko. Ga mutane da yawa suna raguwa idan jiki ya saba. Kafin nan, ga abin da za ka yi:

1. Ka sha maganin a lokaci ɗaya kullum. Ka ɗaura shi da abin da ba ka mantawa, kamar sallar asuba da sallar isha'i.
2. Ka sha shi bayan ka sa wani abu a ciki, ko da koko ne ko fura.
3. Idan barcin rana ya hana ka aiki, ka tambayi likita ko za a mayar da kaso mafi yawa zuwa dare.
4. Idan za ka tashi daga kwance, ka zauna tukuna kafin ka miƙe.
5. Ka riƙa yin asuwaki ko goge baki safe da dare, musamman idan kana shan fenitoyin.
6. Ka sami isasshen barcin dare, domin rashin barci yana tayar da faɗuwa.

Muddin kana jiri, ko faɗuwa ba ta tsaya ba, kada ka ja ruwa a bakin rijiya kai kaɗai. Kada ka shiga tabki, kada ka hau itace ko saman soro, kada ka tuƙa kabu-kabu. Mai girki ta sami wanda zai zauna kusa da ita a bakin murhu. Wannan ba zama kawai ba ne: kana iya noma, da ɗinki, da saye da sayarwa, da zuwa aji.

Alamun da ba a jira da su

Ka tafi asibiti a ranar, kada ka jira ranar da aka ba ka, idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ƙuraje a jiki, musamman tare da zazzaɓi, ko gyambo a baki da idanu, ko saɓulewar fata. Wannan ya fi faruwa a watannin farko na sabon magani.
2. Idanu sun yi ɗorawa kamar na mai shawara.
3. Amai da ba ya tsayawa, ko ciwon ciki mai tsanani.
4. Zubar jini daga hanci ko dasashi ba dalili.
5. Barci mai nauyin da ba a iya tayar da mutum, ko ruɗewar hankali.
6. Baƙin ciki mai tsanani, ko tunanin kashe kai.
7. Faɗuwa ta wuce minti 5, ko ta maimaitu kafin mutum ya farfaɗo.

Ka fara da cibiyar lafiya mafi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ka asibitin gunduma, kamar na Mirya, ko Magarya, ko Matamaye, ko Gure, ko Tanut, ko kuma Babban Asibitin Ƙasa na Zinder. Ka tafi da kwalayen magungunanka duka.

Kada ka daina kwatsam

Wanda ya gaji da barci da jiri yakan ce bari ya ajiye ɗaya daga cikin biyun. Wannan yana da haɗari ƙwarai. Dakatar da magani farat ɗaya, musamman Gardénal, yana iya kawo faɗuwa a jere ba hutawa, har ta kai ga rasa rai. Idan za a cire wani, likita ne zai rage shi kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni.

Ƙarewar magani ma dakatarwa ce. Idan garinku yana nesa da farmasi, ka sayi sabo tun kana da na mako guda a hannu. Ka ƙara kula da damina, lokacin da hanya ke ɓaci kuma kuɗi ke ƙaranci. Idan kuɗin biyun ya fi ƙarfinka, ka faɗa wa likita gaskiya, kada ka riƙa tsallake kwanaki.

Ga mata

Ƴar'uwa, wannan sashe naki ne. Gardénal, da Tégrétol, da fenitoyin suna rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, da na ɗan tsinken da ake sawa a ƙarƙashin fatar hannu. Allurar wata 3 da robar mahaifa sun fi dacewa da ke. Ki gaya wa ungozoma maganin da kike sha.

Dépakine yana da haɗari ga ɗan da ke ciki. Kusan jariri 1 cikin 10 na matan da suka sha shi da ciki ana haifarsa da nakasa, wasu kuma sukan yi jinkirin magana da koyo. Idan kina son haihuwa, ki je ki yi shawara da likita tun kafin ki ɗauki ciki, ke da maigidanki. Idan kin riga kin ɗauka, ki je da wuri, amma kada ki daina shan magani kafin ki gan shi, domin faɗuwa ma tana cutar da ke da abin da ke cikinki.

Sauran magunguna

Duk inda aka rubuta maka magani, ka ce kana shan na farfaɗiya. Wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro, da na tarin fuka, da na cuta mai karya garkuwar jiki ba sa jituwa da su sai an gyara awo. Ka guji Tramol, domin shi kansa yana tayar da faɗuwa. Ka guji giya. Kada ka sayi magani a hannun masu talla a kasuwa, inda yake wuni a rana kuma ba a san asalinsa ba. Idan kana shan jiƙo ko wani maganin gargajiya, kada ka ɓoye wa likita.

Zafi da azumi

A watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram yakan haura digiri 40. Ƙishirwa tana ƙara jiri, don haka ka sha ruwa akai-akai, ka ajiye magani a inuwa, nesa da hannun yara. Kafin watan Ramadan ka tambayi likita ko za a iya mayar da shan maganinka zuwa sahur da buɗa-baki. Idan ya ce ba zai yiwu ba, ka tuna cewa addini ya yi wa majinyaci sauƙi.

Littafinka shi ne shaidarka

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita yana ganinka na ɗan lokaci ne, kai kuwa kana tare da jikinka kullum. Ka sami ƙaramin littafi, ka ja layi huɗu: kwanan wata, lokacin da ka sha magani, ko ka faɗi, da abin da ka ji a jikinka. Idan rubutu bai zauna maka ba tukuna, ka yi alama: da'ira domin faɗuwa, ɗan layi domin jiri. Da wannan littafi likita zai gane ko ya rage wani, ko ya canja lokacin sha, ko ya musanya shi da wani.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Me ya sa bai kamata a daina shan magani kwatsam ba?
2. Waɗanne alamu ne ke sa a tafi asibiti a ranar?
3. Ta yaya iyali za su taimaki mai farfaɗiya kada maganinsa ya ƙare?