Yadda Ɗan Talaka Zai Nemi Tallafin Karatu a Manyan Makarantu

A kowace shekara ana samun yara a karkara waɗanda suka gama sakandare da sakamako mai kyau, har suka sami gurbin karatu a jami'a ko kwaleji. Ranar da labari ya zo, gida ya cika da murna. Bayan kwana biyu sai murna ta koma ciki, domin an ji yawan kuɗin rajista. Wani uban ya sayar da sa, wani ya jinginar da gona. Wani kuwa ya ce wa yaro ya haƙura ya koma noma, ko a ce wa yarinya ta jira miji.

Da yawa daga cikin waɗannan iyaye ba su san akwai hukumomi da kamfanoni masu taimakon ɗalibai da kuɗi ba. Taimakon ba ya wadatar da kowa, kuma ba ya zuwa har gida ya yi sallama. Wanda ya tambaya da wuri, ya kuma shirya takardunsa, shi ne yake samu.

Tallafi iri uku ne

Na farko shi ne sikolashif. Wannan kyauta ce da ake ba ɗalibi saboda ƙoƙarinsa. Sau da yawa sai an yi jarrabawa ko ganawa kafin a zaɓi waɗanda za a ba. Ba a biyan ko kwabo daga baya.

Na biyu shi ne tallafin da gwamnatin jiha take ba 'ya'yanta masu karatu a manyan makarantu. Shi ma kyauta ne. Yawanci bai taka kara ya karya ba, amma yakan sayi littattafai, ya rage kuɗin mota ko na ɗakin kwana.

Na uku shi ne bashin karatu. Shi kam sai an biya, amma bayan an gama karatu.

Kafin yaro ya sa hannu a kowace takarda, ya kamata shi da mahaifinsa su gane wanne ne daga cikin ukun ake ba shi.

Inda ake nema

Ƙofa mafi kusa ita ce hukumar ba da tallafin karatu ta jiha. Jihohi irin su Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa duk suna da irin wannan hukuma, kuma ofishinta yana babban birnin jihar. Idan za ta buɗe karɓar sunaye, takan ba da sanarwa a rediyo da intanet. Kowace jiha da lokacinta da kuma yawan abin da take bayarwa. 'Yan asalin jihar ne galibi take ba, ko da a wata jihar suke karatu.

Gwamnatin Tarayya ma tana da tata hukumar a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi da ke Abuja. Tana ba da sikolashif ga ɗaliban jami'o'i da kwalejojin gwamnati waɗanda suka yi fice a karatu. Masu nema daga duk faɗin Nijeriya suke fitowa, don haka gasar tana da zafi.

Akwai kuma asusun PTDF, wanda aka kafa a 1973 domin horar da ma'aikatan harkar man fetur. Shi ya fi kula da masu karatun injiniya da kimiyya. Kamfanonin mai da iskar gas, irin su Shell da Chevron da NLNG, sun daɗe suna ba ɗaliban jami'a sikolashif. Gidauniyar kamfanin waya na MTN tana taimakon masu karatun kimiyya da fasaha, tana kuma da wani kaso na musamman domin ɗalibai makafi.

Kada kuma a raina na gida. Wasu ƙananan hukumomi suna taimaka wa 'ya'yansu. Haka ma ƙungiyoyin ci gaban gari, da hukumomin zakka da waƙafi, da attajirai, da 'yan majalisa. Irin wannan ba kasafai ake jin sa a rediyo ba. A bakin dagaci ko kansila ko shugaban makarantar sakandare ake jin sa. Matambayi ba ya ɓata.

Bashin karatu na NELFUND

Sabuwar hanyar da ta fi faɗi ita ce asusun ba da bashin karatu, wanda ake kira NELFUND. Shugaban ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a dokar farko a 2023. Waccan dokar tana da sharuɗɗa masu tsauri, har da kawo mutum biyu da za su tsaya wa ɗalibi. A watan Afrilu na 2024 aka sake dokar, aka cire wannan sharaɗi. A watan Mayu na shekarar aka fara karɓar masu nema.

Bashin na ɗaliban makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jiha: jami'a, da kwalejin ilimi, da kwalejin kimiyya da fasaha. Babu kuɗin ruwa a kansa. Kashi biyu ne. Kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye ga makarantar, ba ya biyowa ta hannun ɗalibi. Kuɗin abinci da ƙananan buƙatu kuwa yana shiga asusun bankin ɗalibin. Lokacin da aka fara a 2024, naira 20,000 ake bayarwa a wata. Ɗalibi yana iya neman kuɗin makaranta kawai, ya bar ɗayan. Kowace shekarar karatu sai an sake nema.

Ana fara biya ne shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa. Mai aikin albashi za a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa. Wato mai ɗaukar naira 100,000 a wata zai riƙa biyan naira 10,000. Mai sana'ar kansa shi ma kashi 10 cikin 100 na ribarsa zai riƙa bayarwa. Dokar ta tanadi yafe bashin idan wanda ya ci ya rasu.

Duk da wannan sauƙi, bashi bashi ne. Ya kamata uba ya zauna da ɗansa su lissafa abin da gida zai iya ɗauka, sannan a nemi cikon.

Takardun da za a tanada

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wasu hukumomin makonni kaɗan suke bayarwa su rufe. Wanda sai a lokacin zai fara zirga-zirgar neman takardu, kafin ya gama an wuce shi. Ga abubuwan da aka fi tambaya:

1. Takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. A sakatariyar ƙaramar hukuma ake karɓa, galibi bayan mai unguwa da dagaci ko hakimi sun tabbatar da yaron.
2. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ko takardar rantsuwar shekaru daga kotu.
3. Lambar ɗan ƙasa, wato NIN. Tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da ita.
4. Sakamakon WAEC ko NECO. Jami'o'i suna neman kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi a yawancin fannoni.
5. Lambar JAMB da takardar samun gurbin karatu.
6. Lambar rajista ta makaranta, da katin shaidar ɗalibi, da rasit na kuɗin da aka biya.
7. Asusun banki da sunan ɗalibin kansa, tare da lambar BVN. Ba a karɓar asusun uba ko na yaya.
8. Hotunan fasfo sababbi.

A yi hoton kowace takarda aƙalla guda uku. A ajiye na asali a cikin leda, a sa a akwati, inda ruwa da gara ba za su taɓa su ba.

Suna ya zama ɗaya a ko'ina

Nan ne 'ya'yan karkara da yawa suke faɗuwa. A ce ga yaro, a takardar sakandare an rubuta sunansa da na mahaifinsa. Da ya je yin NIN sai ya ƙara sunan garinsu. A banki kuma aka rubuta Mohammed, alhali a makaranta Muhammad ne. Ko kuma shekarar haihuwa ta bambanta, nan 2005, can 2006. A ƙauye kowa ya san mutum ɗaya ne. Amma yanzu kwamfuta ce take tantancewa, ita kuwa ba ta san ɗan wane ba. Da ta ga bambancin harafi ɗaya tana iya ajiye sunan a gefe.

Wannan aiki ne da uba ko uwa da suka yi ajin yaƙi da jahilci za su iya yi da kansu. A shimfiɗa takardun a kan tabarma, a karanta sunan harafi bayan harafi, a duba rana da wata da shekarar haihuwa. Idan an ga bambanci, a je ofishin da ya ba da takardar a nemi gyara tun kafin a buɗe karɓar sunaye. Gyara yana cin lokaci, wani kuma yana cin kuɗi.

Yadda ake cika fom

Yawancin fom yanzu ta intanet ake cikawa. Wanda ba shi da babbar waya sai ya je shagon intanet a cikin gari. To, a nan ma sai an kula. Yaro ya zauna kusa da mai shagon, ya karanta duk abin da aka rubuta kafin a aika. Lambar waya da adireshin imel su zama nasa, ba na mai shagon ba, domin ta nan ne za a kira shi jarrabawa. Lambobin sirri ya rubuta su a littafi ya ajiye a gida. Idan an gama, a buga masa takardar shaidar cewa ya cika.

A faɗi gaskiya a cikin fom. Wanda ya yi ƙaryar maraici, ko ya ƙara wa kansa maki, idan asiri ya tonu zai rasa tallafin, yana iya rasa karatun ma. Kada kuma a dogara da ƙofa ɗaya. A nemi na jiha, a nemi na tarayya, a nemi na kamfani. Sai dai wasu masu bayarwa ba su yarda ɗalibi ya haɗa sikolashif biyu ba, don haka a karanta sharuɗɗa.

Hattara da 'yan damfara

Duk inda ake rabon kuɗi, macuta suna nan. Sukan aiko da saƙo a waya cewa yaro ya ci sikolashif, amma sai ya tura wasu 'yan dubbai kafin a saki kuɗin. Wasu sukan zo har gida su ce suna da hanya a ofis. Neman bashin NELFUND kyauta ne, kuma ba ya buƙatar ɗan tsakiya. Wanda bai cika fom ba, ba yadda za a yi ya ci sikolashif. Duk wanda ya kira waya yana tambayar lambar sirrin katin banki, ko lambar da banki ya turo, ɓarawo ne. Idan ana shakka, a je ofishin kula da harkokin ɗalibai na makarantar a tambaya.

Kuɗin farko daga gida yake fitowa

Akwai wata gaskiya da ya kamata iyaye su sani. Yawancin tallafi ba ya fitowa sai yaro ya riga ya shiga makaranta, ya sami lambar rajista. Wasu kamfanonin ma sai ya gama shekara ɗaya ko biyu, sun ga sakamakonsa. A jami'o'i da yawa ana auna ƙoƙari da maki 5, kuma masu ba da sikolashif sukan nemi 3.5 ko fiye. Ko bayan an ci, kuɗin yakan yi jinkiri.

Saboda haka kuɗin jarrabawa, da kuɗin karɓar gurbi, da na mota, da guzurin watannin farko, duk daga gida za su fito. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai yaro a ajin ƙarshe na sakandare ya fara tanadi tun kaka. Ya ware buhu ɗaya ko biyu, ko ya ɗaure tunkiya da sunan karatun. Uwa ma tana iya shiga adashi domin wannan. Shi kuma yaro, idan ya shiga, ya san cewa ƙoƙarinsa na shekarar farko shi ne zai buɗe masa sauran ƙofofin.

Duk abin da aka faɗa a nan ya shafi 'ya mace kamar yadda ya shafi ɗa namiji. Fom ɗin ɗaya ne, sharuɗɗan ma ɗaya ne. Asibitocin karkara da makarantun 'yan mata suna matuƙar buƙatar ma'aikata mata, kuma daga cikin waɗannan yara za su fito.

Wanda ya karanta wannan bayani ya karanta wa maƙwabcinsa. Malaman azuzuwan manya su tattauna shi da ɗalibansu. Mai yaro a sakandare kuwa, ya buɗe akwati yau ya duba takardun, kada ya jira sai sanarwa ta fito. Allah ya yi wa zuri'a albarka, ya ba su ilimi mai amfani.