Ƙwayar Cutar Hantsar Saniya Da Lafiyar Jaririnki

Uwargida mai juna biyu, idan kun taɓa kiwon shanu kin san yadda hantsar saniya kan kumbura ta yi zafi, madararta ta ragu ko ta fito da gudaji. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin bakteriya da ke kawo haka ita ce Streptococcus agalactiae, kuma ma'anar kalmar ƙarshen ita ce "rashin nono". A jikin shanu aka fara gano ta a Faransa a 1887. A asibiti muna kiranta GBS, domin takan zauna a jikin mutum ma, a hanji da farji, ba tare da mace ta ji komai ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce kusan mata 15 cikin 100 masu ciki suna ɗauke da ita. Ba ƙazanta ce ke kawo ta ba, ba kuma ciwon sanyi ba ce, don haka kada maigida ya ɗauki zargi.

To, daga madarar shanu jariri ke kamuwa? Binciken ƙwayoyin halittarta ya amsa wannan. Tun 2002 masana suka karanta tsarin halittar ƙwayar gaba ɗaya, daga baya suka yi ta gwada ta shanu da ta mutane. Sai aka ga suna ɗaya ne amma zuriya ta bambanta. Ta shanu yawanci tana da wasu ƙwayoyin halitta da ke ba ta damar cin sukarin da ke cikin madara, shi ya sa hantsa ta zame mata gida. Mafi yawan ta mutane ba su da wannan. A cikin ta mutane kuma akwai zuriyar da ake kira ST-17, wadda ta fi sauran jawo wa jarirai sanƙarau. Akan samu tsallakawa tsakanin mutum da saniya jefi-jefi, amma babbar hanyar da jariri ke ɗauka ita ce daga jikin mahaifiyarsa lokacin haihuwa.

Nan ne aikinki yake. Inda ake da kayan gwaji, akan ɗauki samfuri da auduga a mako na 36 zuwa 37 na ciki. Ki tambaya a wajen awo. Idan an same ta, ba a ba ki magani tun a lokacin, domin takan dawo. Ana jira sai naƙuda ta fara, a saka miki penisilin ta jijiya, kuma ya fi aiki idan ya samu awa huɗu kafin haihuwa. Wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa asibiti da wuri. Ko ba a yi gwajin ba, ki gaya wa ungozoma idan faya ta fashe ta kai awa 18, ko kina zazzaɓi cikin naƙuda, ko naƙudar ta zo kafin mako 37, ko kin taɓa haifar jaririn da ya kamu da ita. Idan penisilin ba ya karɓar ki, ki faɗa, akwai madadinsa.

Bayan haihuwa a sa ido sosai, musamman ranar farko, har zuwa wata uku. Jaririn da ya ƙi kama mama, yana nishi ko numfashi da sauri, jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko ya saki, a kawo shi nan take ko da tsakar dare ne. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko jiran ranar suna.

Ita kuwa madarar shanu, a tafasa ta. Ɗanyarta na iya ɗauke da tarin fuka na shanu, da Brucella mai sa zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, da Listeria mai iya jawo ɓari. Tsamin nono ba ya tabbatar da cewa sun mutu, saboda haka kafin ki sayi nonon fura ki tambayi mai tallan ko an dafa madarar kafin a kwantar da ita.