Tattaunawar albashi ta matuƙan jirgin sama a Najeriya

Tattaunawar albashi ta matuƙan jirgin sama ita ce hanyar da matuƙa ke bi ta bakin ƙungiyarsu don cimma yarjejeniya da kamfanoni kan albashi, alawus, sa'o'in tashi, hutu da kuɗin sallama. A Najeriya ƙungiyar da ke wakiltarsu ita ce Ƙungiyar Matuƙa da Injiniyoyin Jiragen Sama ta Ƙasa, wato NAAPE.

Asali

Kano na da tsohon tarihi a harkar sufurin sama, domin a nan ne jiragen sojin saman Birtaniya suka fara sauka a ƙasar a shekarar 1925. A yau kamfanoni irin su Max Air da Azman Air suna da hedikwata a birnin. Ƙarfin matuƙi a teburin tattaunawa ya samo asali ne daga tsadar horar da shi, da kuma cewa sai ya samu lasisin tuƙa takamaiman nau'in jirgi. Saboda haka maye gurbinsa ba ya yiwuwa cikin dare ɗaya.

Dabaru

Dabara ta farko ita ce kwatanta albashi da na wasu kamfanoni, ko da na baƙin matuƙa da ke aiki iri ɗaya. Ta biyu ita ce zaɓen lokacin da ake tsananin buƙatar jirage, kamar lokacin jigilar alhazai. Ta uku ita ce bin ƙa'ida sak, inda matuƙa ke ƙin aikin ƙarin lokaci, lamarin da ke jinkirta tashin jirage ba tare da an shiga yajin aiki ba. Yajin aiki shi ne mataki na ƙarshe, kuma yawanci sai an ba da wa'adi.

Doka

Dokar Rikicin Ƙwadago ta 1976 ta tanadi matakan sulhu kafin a kai ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Haka kuma doka ta sanya sufurin sama cikin muhimman ayyuka, wanda hakan ke taƙaita damar yajin aiki.

Misalai

Dabarun ba sa tasiri sosai idan kasuwa ta faɗi. A watan Agustan 2020, lokacin annobar korona, NAAPE ta shiga yajin aiki a kamfanin Bristow, wanda ya sallami matuƙa da injiniyoyi kusan 100. Bayan rushe Nigeria Airways a 2003 kuwa, tsofaffin ma'aikatansa sun shafe shekaru suna neman haƙƙoƙinsu, kafin gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da biyan wani kaso a 2018. A Amurka, inda aka yi ƙarancin matuƙa, na kamfanin Delta sun samu ƙarin kashi 34 cikin ɗari na tsawon shekara huɗu a 2023, kuma wasu kamfanoni suka bi sahu.