Mutum da Jam'iyya a Siyasar Kudancin Kano: Misalin Mazaɓu Biyu

Ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa sun kasu gida biyu wajen wakilci a Majalisar Wakilai ta Tarayya, watau mazaɓar Kiru da Bebeji, da kuma mazaɓar Tudun Wada da Doguwa. Tarihin mazaɓun nan yana nuna cewa tutar jam'iyya ita kaɗai ba ta isa ta ba mutum kujera ba.

Alhassan Ado Doguwa ya fara shiga majalisa a 1992 ƙarƙashin SDP, ya sake komawa a 2007, har ya zama Shugaban Masu Rinjaye daga 2019 zuwa 2023. Shi kuwa Abdulmumin Jibrin na Kiru da Bebeji, jam'iyyu uku suka kai shi majalisa: PDP a 2011, APC a 2015, sannan NNPP a 2023.

Babban abin lura ya auku ne bayan zaɓen 2019, sa'ad da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke nasarar su biyun, alhali kuwa dukansu 'yan APC ne. Da aka sake zaɓe a watan Janairu na 1920 da ɗari, watau 2020, Doguwa ya koma kujerarsa, amma Jibrin ya sha kaye a hannun Ali Datti Yako na PDP. Jam'iyya ɗaya, mazaɓu maƙwabta, sakamako dabam. Ashe ke nan, dangantakar wakili da mutanensa ita ce mizanin da talakawa suka fi aunawa da shi.