Zafin Man Giya a Motocin Ɗaukar Kaya Masu Canja Giya da Kansu

Gabatarwa

Daga cikin motocin ɗaukar kaya da ake shigowa da su na hannu daga Amurka da Turai, akwai masu canja giya da kansu, watau waɗanda makanikai ke kira otomatik. Kamfanin General Motors ne ya fara sayar da irin wannan giya da yawa a motocin 1940, ya kuma fito da man nan mai suna Dexron a 1967. Maƙasudin wannan rubutu shi ne bayyana abin da ke sa man giyar ya yi zafi, da hanyoyin sanyaya shi.

Tushen Zafin

A irin wannan mota direba ba ya taka kuloci. Tsakanin inji da giyabos akwai wata rufaffiyar tukunya cike da mai, a cikinta da fankoki biyu suna fuskantar juna. Inji ya juya ta farko, ita ta watsa mai, man ya juya ta biyu. Muddin ta biyun ba ta cim ma ta farko ba, ƙarfin da ya salwanta zafi yake komawa. Saboda haka man ya fi yin zafi sa'ad da mota ke jan kaya tana tafiya sannu-sannu.

Alal misali, a-kori-kurar da ta ɗauko buhunan masara ta shigo birnin Zariya, tana kutsawa lungunan Limancin Kona, ta tsaya ta tashi, ta fi wahalar da manta bisa ga wadda ta miƙe a hanyar Kano. Dalili kuwa shi ne, a lungu tukunyar tana ta zamewa, iska kuma ba ta bugun lagireto. Daɗin daɗawa ga zafin bazara a watannin Maris da Afrilu.

Illar Zafin

Man yana aiki lafiya a tsakanin digiri 80 da 95 a ma'aunin Salshiyos. Idan ya haura 120 ya daɗe a haka, sai ya fara ƙonewa, robobin da ke tare shi su bushe, faifan cikin giyabos su riƙa zamewa. Zamewar kuma ta ƙara wani zafin, har mota ta ƙi ja. Lafiyayyen mai galibi ja ne garau. Wanda ya ƙone kuwa yakan yi duhu, yana ƙauri.

Hanyoyin Sanyayawa

A yawancin motoci, bututu biyu ke kai man cikin tankin lagireto, ruwa ya kwashe zafinsa, ya komo. Ke nan lagireton da ƙurar hunturu ta toshe yana cutar inji da giya baki ɗaya. Idan bututun cikin tankin ya huje, ruwa da mai su gauraya su yi kamar madara, wajibi ne a tsayar da motar nan take. Mai yawan lodi yakan ƙara wani ɗan lagireto na mai a gaban babban.

Shi ma direba yana da nasa aikin. Ya sa ƙaramar giya a hawa ko a lungu, ya fitar da giya idan tsayuwa ta yi tsawo, kada kuma ya riƙe mota a kan tudu da totur. Ya auna man a shimfiɗaɗɗen wuri yadda kamfanin motar ya tsara, galibi inji na aiki. Kada a zuba mata baƙin mai ko man giya mai kauri don neman sauƙin kuɗi, araha ba ta ado.

Kammalawa

Ga mai mota ɗaya tal, mutuwar giyabos tsayawar abincin gida ce. Wanke lagireto da canja mai a kan kari ba su kai ko kusa da kuɗin sauke giyabos ba.