Kayan Ƙamshi a Abincin Jariri: Gaskiya da Ji-ta-ji-ta

Ana yawan faɗa a gidaje cewa duk abincin da ya ji kayan ƙamshi yana ƙona cikin jariri, shi ya sa wasu iyaye mata ba sa wuce farin koko har yaye. Maganar tana da ƙamshin gaskiya a wata 6 na farko kaɗai, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba jariri komai sai nono, ko da ruwa ne, balle dauri, wato jiƙon sassaƙe da saiwoyi da ake ɗura wa jinjiri ba tare da an san ƙarfinsa ko tsabtar ruwansa ba.

Bayan wata 6 kuwa, ɗan barbaɗin citta a kunu, ko albasa da tafarnuwa da suka dahu luguf a faten wake, ko ɗan gutsuren daddawa a miyar kuka, ba sa cutar da yaro mai lafiya, kuma ba baƙi ba ne a bakinsa, tun da ƙamshin abin da uwa ta ci yana ratsa ruwan mahaifa da nono. Barkono ne ya fita daban, domin raɗaɗi yake sa wa baki da dubura, don haka a jinkirta shi.

Abin mamaki, abin da ba a tsoro shi ne ya fi ɓarna. Ƙodar jariri ba ta yi ƙwarin tace gishiri mai yawa ba, kuma ɗan ƙasa da shekara 1 bai kamata ya kai giram 1 a rana ba, adadin da nono da abincinsa kan cike da kansu; dunƙulen magi kuwa kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma danginsa ce. Dabarar ita ce a ɗebi rabon yaro daga tukunya kafin a marmasa magi.

Zancen cewa zuma, da yake waraka ce, ta dace da kowane jinjiri, kuskure ne. Takan ɗauki ƙwayar botulinum, wadda ke tsira a hanjin jariri ta fitar da dafin da ke saki jijiyoyi har ya kasa tsotso ko numfashi. Tafasa zumar a kunu ba ya kashe ƙwayar, saboda haka ba a ba da ita sai yaro ya cika wata 12.